Yadda ake ɗaukar samfurin agugu a daji, a busar, a ajiye shi da cikakken bayani

Duk wanda ya taɓa shiga kwazazzabon dutse a watan Agusta, a tsaunukan Kagoro ne ko a gefen ruwan Assop kan hanyar Jos, ya ga wannan tsiro ko da bai san sunansa ba. Ganyensa tsaga-tsaga kamar gashin tsuntsu, sabon tohonsa a naɗe kamar gammo, ba ya fure, ba ya 'ya'ya. In ka juya bayan ganyen sai ka ga ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa a jere, har wasu su ɗauka cuta ce ta kama shi ko ƙwari ne suka yi ƙwai. A cikin ɗigogin nan irinsa yake, gari mai laushi da iska ke kwasa. Turawa na ce wa dangin nan fern. Likitan nan ɗan Sikotilan, J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewa ya kuma tattara sunayen tsirrai na Hausa a 1916, ya kawo sunayen wasu daga ciki: agugu, wanda masu magani ke sayar da saiwarsa don tsutsar ciki, da dafaddu mai maƙalewa a jikin itace, da mashin zomo. A wannan jagora zan riƙa cewa agugu ina nufin dangin baki ɗaya.

Akwai irinsu sama da 10,000 a duniya. Abin da aka sani game da na ƙasarmu kuwa, kusan duka daga busassun samfura ya fito, waɗanda ke jere a ma'ajiyar tsirrai ta Kew a Landan da ta Faris da ta Cibiyar Binciken Gandun Daji da ke Ibadan, sai na jami'o'inmu irin su Ahmadu Bello a Zariya da Bayero a Kano. Kowane ɗigo da ka gani a taswirar yaɗuwar wani tsiro, takarda ce da wani ya zauna ya cika. Agugu tsiron inuwa ne da laima. Ranar da aka sare kurmi ko aka ture kwazazzabo don haƙar ma'adinai, yana cikin na farko da za su tafi, kuma in ba a taɓa ɗaukarsa an rubuta ba, babu mai iya cewa ya taɓa zama a wurin. Shi ya sa nake ganin ɗalibi ɗaya mai fensir da tsofaffin jaridu zai iya yi wa garinsu aikin da ba wanda ya taɓa yi.

Kafin ka fita

Fara da ma'ajiyar da za ta karɓi kayan. Je ka sami mai kula da ita, ka gaya masa inda za ka, ka tambaye shi yadda suke son a kawo musu. Wasu sun fi son a ba su samfur a cikin jarida su manna da kansu. Ka roƙi ya nuna maka agugun da ke hannunsu, domin awa biyu kana buɗe tsofaffin takardu za ta koya maka abin da mako guda na karatu ba zai koya maka ba.

Sai izini. Gandun ƙasa irin Gashaka-Gumti na ƙarƙashin Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa, ba a cire ko ganye ɗaya sai da takarda. Gandun jiha, irin Ngel Nyaki a Mambila, sai ka bi ta ma'aikatar jihar. Ko a dajin da ba gandu ba ne, ka fara zuwa gaida mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka nemi a haɗa ka da ɗan gari. Shi zai gaya maka dutsen da ba a hawa, da kwarin da ba lafiya a yanzu, da rafin da ke cika cikin minti kaɗan in an yi ruwa a sama. Maganar tsaro a wannan zamani ba abin wasa ba ce. In ya ce kada a shiga, ka haƙura.

Lokaci kuwa, daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka ne ya fi, wato Yuli zuwa Oktoba, sa'ad da yawancinsu suka ɗauki iri. Amma na fadama da kududdufi, musamman Marsilea mai ganye huɗu a kan siririn kara, sai ruwa ya fara janyewa yake fitar da 'yan ƙullutun irinsa, don haka nasa lokacin bayan ɗaukewar ruwa ne.

Kayan aiki ba su da tsada. Allon matsi guda biyu, na danne tsiro a tsakaninsu ya bushe a shimfiɗe, kowane santimita 30 da 45, wanda kafinta zai haɗa maka da siraran katako a giciye yadda iska za ta ratsa. Igiya biyu masu ƙarfi, ko robar tsohon tub na mota. Tsofaffin jaridu masu yawa, ninki biyu na abin da kake tsammani. Kwalaye masu ramuka a ciki, a yanka daidai girman allon. Ƙaramar wuƙa, da 'yar dagi ko tsohon cizal na tono, manyan ledoji, 'yan takardun rataye masu zare, gilashin ƙara girma mai ninki 10, tef ɗin awo, littafi mai kauri da fensir. Fensir nake nufi, don tawadar biro na narkewa in ta jiƙe. Ka sa takalmin da ke kama dutse, ka kuma riƙe sanda ka riƙa bugun ciyawa kafin ka zura hannu a tsagar dutse, domin inda agugu ke so, maciji ma na so.

In ka iske shi

Kada ka yi gaggawar tumɓukewa. Tsaya ka duba ko'ina. Guda nawa ne? Masu wannan aiki suna da wata ƙa'ida, cewa sai ka ga aƙalla 20 kafin ka cire ɗaya. In guda biyu ko uku kaɗai ka gani, ka ɗauki hoto, ka yanki ganye ɗaya mai iri, ka bar gindin.

Ɗauki hoton wurin daga nesa, da na tsiron a zaune yadda yake, da na bayan ganye kusa-kusa, da na gindi. Ka ɗora fensir ko tef a gefe don a gane girma.

Yanzu ga inda akasarin masu farawa ke yin asara. Agugu yana da wani kara da ke kwance cikin ƙasa ko yake rarrafe a kan dutse ko ɓawon itace, daga jikinsa ganye da jijiyoyi ke fita. Shi nake kira gindi. Samfurin da ba shi da gindi, rabin samfur ne. Farkon fitata na dawo da leda cike da kyawawan ganyaye da na tsinko daga wani kwazazzabo, na shimfiɗa su gaban malamina ina jin daɗi. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya duba ƙasan sandar inda na karya, ya ce, "Ina gindin?" Sannan ya ciro wata tsohuwar takarda, ya miƙo mini gilashi, ya ce in duba ƙasan sandar ganyen. Sai ga wasu 'yan ɓamɓaroki sirara kamar na kifi, bakinsu fari-fari, tsakiyarsu baƙi. Ya ce da waɗannan ake raba iri biyu da ganyensu ke kama da juna kamar an tsaga kara. Tun ranar ban sake tsinko ganye ba.

Saboda haka ka zura dagi ta gefe, ka ɗago tsiron gaba ɗaya. Ka lura: gindin a tsaye yake, ganyen sun fito a dunƙule wuri guda, ko kuwa rarrafe yake, ganyen na fita ɗaya-ɗaya da tazara? In mai rarrafe ne, ka yanko tsawon da zai ɗauki ganye biyu ko uku, yadda tazarar za ta fito a fili. Kakkaɓe ƙasar a hankali da yatsa. Kada ka wanke shi kana gogewa, don za ka tafi da ɓamɓarokin da gashin da ake nema. In gindin ya yi kauri, tsaga shi biyu a tsaye, ka ga ka sami samfur biyu ke nan.

Abu na biyu, ganye mai iri. Juya ganye goma kafin ka zaɓa. Kana neman wanda ɗigoginsa suka nuna amma ba su fashe sun zube ba, domin a wasu iri akwai wani siririn marufi da ke lulluɓe ɗigon, kuma siffarsa na cikin abin da ake dubawa, in ya tsufa sai ya yanƙwane ya faɗi. Wasu kuma ganye iri biyu suke yi, mai iri daban, marar iri daban, kamar Bolbitis da ke kama duwatsun cikin rafi. Irin waɗannan sai ka ɗauko duka biyun.

Akwai waɗanda ke buƙatar dabara ta musamman. Dafaddu, wato Platycerium, yana da faffaɗan ganye da ke rungume itacen kamar garkuwa, da wani da ke reto wanda irin ke shimfiɗe a bayansa. Ka yanko daga kowanne, ka kuma rubuta sunan itacen da tsayin da yake daga ƙasa. Mashin zomo ɗan ƙarami ne, ganye ɗaya da tsinken iri ɗaya, a ƙasa marar zurfi a kan fā mai tsattsafo, sai ka durƙusa za ka gan shi. Ka haƙo shi da ɗan dunƙulen gindinsa, guda shida ko takwas don su cika takarda. Azolla, mai yawo a kan ruwa kamar an barbaɗa jan gari ko kore, sai ka zura takarda ta ƙarƙashinsa ka ɗago a hankali, ya kwanta a kai yadda yake. Na tsagar dutse irin Actiniopteris, mai ganye kamar ƙaramin mafici, in ka same shi ya naɗe don fari, sa shi cikin leda da jiƙaƙƙen tsumma ya kwana, da safe za ka tarar ya buɗe.

A Mambila akwai agugu mai tsayi kamar dabino, dangin Cyathea, a bakin rafuka. Wannan ba a sare shi. Ganye ɗaya za ka yanko tun daga inda ya manne da kututture, ka raba uku: ƙasan sanda da ƙayoyinsa da ɓamɓarokinsa, yanki daga tsakiya, da kan ganyen. Sauran bayanin littafi ne zai ɗauka, wato tsayin kututture, kaurinsa, tsawon ganyen da adadin rassansa. Ka sani kuma Cyathea na cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake gudun ƙarewarsu, ba a fitar da shi ƙasar waje sai da takardar hukuma.

Daga kowane tsiro ka yi ƙoƙarin samun abin da zai isa takarda uku ko huɗu.

Littafin daji

A nan aikin yake, kuma a tsaye a wurin ake yinsa, ba da dare a masauki ba. Abin da ka ce za ka tuna, ba za ka tuna ba. Bayan tsiro na goma sha biyar duk duwatsun sun zama ɗaya a kanka.

Ba kowane ɗauka lamba. Ka fara daga 1, ka ci gaba har iyakar rayuwarka, ba a komawa baya in sabuwar shekara ta shigo, ba a maimaita lamba. Sunanka da lambar nan su ne sunan samfurin a duk duniya. Duk abin da ka ɗauka daga tsiro ɗaya, wuri ɗaya, rana ɗaya, lamba ɗaya suke ci. In ka sake ganin irinsa a wani rafi, sabuwar lamba. Rubuta ta a littafi, a takardar rataye da za ka ɗaura wa tsiron, da kan jaridar da zai shiga.

Rubuta rana da sunan wata a cike, kamar 17 ga Agusta 2024. In ka rubuta 8/9, wani zai karanta 8 ga Satumba, Ba'amurke kuma ya karanta 9 ga Agusta.

Sai wuri. Jiha, ƙaramar hukuma, gari mafi kusa, nisa da shiyya. Ka tuna Tudun Wada nawa ne a Arewa, Sabon Gida nawa, Unguwar Rimi nawa. Wanda zai karanta takardarka bayan shekara 50, mai yiwuwa bai taɓa taka Najeriya ba. Ka rubuta yadda zai iya zuwa ya tsaya inda ka tsaya: kilomita kaza gabas da gari kaza, a hannun hagu in an haye gada. Ka ƙara da lambobin GPS, wayarka ma ta isa. Ka bar ta ta natsu na minti ɗaya ko biyu, don a cikin kwazazzabo sigina na rawa, sannan ka kwafe lambobin da gurbi huɗu ko biyar bayan ɗigo. Digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, gurbi na huɗu kuwa kusan mita 11. Ka rubuta kuskuren da na'urar ta nuna, ka rubuta cewa tsarin WGS84 ne, wanda wayoyi ke amfani da shi, domin tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka zana su, kuma akwai 'yar tazara tsakaninsu. Kada ka manta tsayin wurin daga teku. Ga agugu wannan babban abu ne: abin da ke tsirowa a mita 1,600 a Mambila daban yake da na ƙasa-ƙasa a kwarin Binuwai.

Bayan haka mazauni. A ƙasa yake, a kan dutse, a jikin itace, ko cikin ruwa? Inuwa ce mai duhu ko rana na taɓa shi? Wane irin dutse? Waɗanne itatuwa ke kewaye? Ana kiwo ko ƙona wurin? Yana da yawa ko ɗaiɗai ne? Sannan duk abin da bushewa za ta ɓatar: launin ganye yana ɗanye, ƙyallinsa, tsayin tsiron, launin sanda, ko ganyen a miƙe yake ko a sunkuye. Ga irin abin da nake so in gani: "A tsagar dutse mai tsattsafo, gefen arewa, inuwar kurmi rabin yini. Gindi gajere a tsaye. Sanda baƙa mai ƙyalli kamar waya. Ganye na sunkuyawa, kan wasu ya taɓa ƙasa ya yi sabon tsiro. Da yawa a wurin, fiye da 50." Wanda ya san agugu, kafin ya ga samfurin ma ya fara zaton Adiantum.

Ka tambayi ɗan rakiyarka sunan da suke kiransa da abin da suke yi da shi, ka rubuta yadda ya faɗa, da harshen da ya faɗa, Hausa ne ko Fulatanci ko Birom. In ya ce ba su da suna gare shi, ka rubuta haka, kada ka ƙirƙira. Makiyaya sun fi kowa lura da abin da dabba ke ci da abin da take gudu. Pteridium, wanda ke mamaye tudun da aka ƙona a wurare masu tsayi, guba ne ga shanu in suka daɗe suna ci, har ya sa su fitsarin jini, don haka bayanin inda ya yaɗu na da amfani ga likitan dabbobi ma.

Matsi da busarwa

Agugu mai siririn ganye na yaushi cikin minti kaɗan. In da hali ka matse shi nan take. In babu, ya shiga leda da lambarsa, ka ɗaure baki, ka ajiye a inuwa, kada ya kwana.

Buɗe jarida, ka kwantar da tsiron. Ganyen da ya fi jaridar tsawo, ka lanƙwasa shi kamar harafin V ko N, ka ɗan murje wurin lanƙwasar da farce don kada ya karye. Ka tabbata aƙalla ganye ɗaya ya juya bayansa sama, yadda za a ga ɗigogin iri in an manna. In ganyen sun yi cunkoso ka rage, amma ka bar guntun sanda don a san akwai ganye a wurin. Gefen gindi mai kauri ka cusa nannaɗaɗɗiyar jarida don siraran ganyen su samu matsi, in ba haka ba za su yanƙwane. Rufe, rubuta lamba a waje, ɗora jarida biyu, ɗora kwali, sai na gaba. In ka gama ka sa allo, ka durƙusa a kai, ka ja igiya iya ƙarfinka.

Washegari da safe ka kwance. A lokacin ganyen ya yi laushi, shi ne damarka ta ƙarshe ta miƙe abin da ya naɗe. Sauya jaridun da ke tsakani da busassu, amma jaridar ciki da tsiron ke kwance a bar shi a cikinta har ya bushe. Dalili biyu ne: ɗaga shi na yaga ganye, sannan garin iri na zuba a jaridar, in ka sa wani tsiro a ciki ka cakuɗa irin wannan da na wancan.

Matsalarmu ita ce lokacin agugu shi ne lokacin laima. A watan Agusta, in ka bar matsi kwana uku ba ka sauya jarida ba, za ka buɗe ka tarar da farar fumfuna ta rufe komai, ganye ya yi baƙi. Ya taɓa faruwa da ni da samfur kusan 30, tafiyar kwana huɗu ta tafi a banza. Maganinsa iska mai ɗumi. Ka tsayar da matsin a gefensa yadda ramukan kwalayen za su kalli sama, ka ɗora a kan wani tsayayyen abu mai raga, ka sa abin ɗumi a ƙasa, ka kewaye gefen da buhu ko kwali don ɗumin ya bi ta cikin ramukan. Ƙwan lantarki irin na da mai zafi yana yi, kurfoti mai ɗan garwashi ma yana yi, amma da tazara mai kyau da ragar ƙarfe a tsakani, kuma kada ka yi barci ka bar shi, domin jarida da kwali abincin wuta ne. Ɗumin da ake so tsakanin digiri 35 ne zuwa 45. In hannunka ba zai iya jurewa ba, ya yi yawa. In rana ta fito, matsin gaba ɗaya ake fitarwa, ba a shanya tsiron tsirara. Kullum ka ƙara jan igiya, don kayan na raguwa. Siraran ganye kwana biyu zuwa huɗu sun isa, gindi ne ke jan lokaci. Ka taɓa shi a leɓenka, in ka ji sanyi da sauransa.

Akwai hanyar da ake bi in tafiya ta yi nisa babu halin busarwa: a ɗaure jaridun da tsirran a ciki, a zuba musu sifirit, a rufe a leda mai kauri har a iso gari. Tana hana ruɓewa, amma tana ɓata launi, tana lalata ƙwayar halitta ta DNA, kuma tana narkar da farar hodar da ke bayan ganyen wasu iri kamar Pityrogramma, alhali da hodar ake gane su. In dole ta sa ka bi ta, ka rubuta a takardar bayani cewa an yi haka. In kuma kana son a iya binciken DNA nan gaba, ka yanki ɗan ganye mai lafiya tun a daji ka sa a ƙaramar leda da tsakuwar silika mai shan laima, da lamba iri ɗaya.

Da ya bushe, sa ƙunshin cikin leda ka rufe ruf, ya shiga firiza mai sanyin digiri 18 zuwa 20 ƙasa da sifiri, mako guda. In wuta ta ɗauke har ƙanƙara ta narke, lissafi ya koma farko. In ka fitar, kada ka buɗe ledar sai ta huce, don kada raɓa ta sauka a kan tsiron. Ba ma'ajiyar kirki da za ta karɓi kayan da ba su bi ta nan ba, domin ƙwaro ɗaya irin mai cin busasshiyar taba ya isa ya zame wa kabad guda annoba.

Neman suna

Ɗauki gilashi ka fara da ɗigogin iri. A Adiantum bakin ganyen ne ke naɗowa ya rufe su. A Pteris layi ne guda a bin bakin ganye. A Asplenium zane-zane ne dogaye a bin jijiyoyin ganye. A Nephrolepis marufin kamar ƙoda yake. Da wannan kaɗai za ka kai ga dangi, wato rukuni irin waɗannan da na lissafa, sau da yawa. Daga nan sai littafin A. H. G. Alston na 1959 kan agugun Afirka ta Yamma, wanda har yau shi ne madogara a yankinmu. Sai dai sunaye da dama sun sauya tun lokacin, musamman bayan sabon tsarin rarraba dangin da masana suka fitar a 2016, don haka duk sunan da ka samu ka duba shi a shafin Plants of the World Online na Kew ka ga wanda ake amfani da shi yanzu. Bayan haka ka ɗauki naka ka ajiye kusa da na ma'ajiya ka gwada.

In ba ka tabbata ba, ka tsaya a sunan dangi. Samfurin da aka rubuta masa Asplenium kawai, gwani zai zo wata rana ya ƙarasa. Wanda aka laƙa wa sunan ƙarya kuwa zai shiga taswira, wani ya kwafa, wani ya kwafi wancan. In an zo an gyara suna, ba a goge na farko. Ƙaramar takarda ake mannawa a sama da sabon suna da sunan mai gyara da shekara.

Takarda da manni

Takardar bayani kwafin littafinka ce a tsabtace: ƙasa da jiha, sunan tsiro da wanda ya gano shi, wuri da lambobin GPS da tsayi, mazauni, siffa, sunan gida, rana, sunanka da lamba, da abokan tafiya. A buga ta a takarda marar asid. Takardar manni kuwa kusan santimita 29 da 42 ce. Jera tsiron kafin ka shafa komai, gindi a ƙasa, bayani a kusurwar dama ta ƙasa. Farin gam na ruwa kaɗan-kaɗan ya isa, gindi mai kauri a ɗinke shi da zare ta baya. Kada salatif ya kusance shi, don cikin 'yan shekaru zai bushe ya bar tabo. Duk ɓurɓushin da ya zube a jarida, a tattara a ƙaramin ambulan a manna a gefe.

Shigarwa a kwamfuta da rabawa

Buɗe jadawali, kowace lamba layi ɗaya, kowane bayani gurbinsa daban: kada ka cusa wuri da mazauni da rana a gurbi guda. Akwai tsarin sunayen gurabe da ma'ajiyoyin duniya suka amince da shi, Darwin Core, in ka bi shi tun farko bayananka za su shiga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya a intanet, ba wahala, ta hannun ma'ajiyar da ta karɓi kayan. Rana a nan shekara ake farawa da ita, 2024-08-17. In tsiron na cikin waɗanda ake haƙa don sayarwa kuma ya yi ƙaranci, ka nemi a ɓoye ainihin lambobin wurin daga idon jama'a.

In kana son haɗa jerin agugun yankinku gaba ɗaya, dole ka haɗa da na magabata, kuma a nan sai an yi hattara. Ka kwafe abin da ke tsohuwar takarda harafi da harafi a gurbi ɗaya, fassararka a wani gurbi. Abin da tsofaffin takardu ke kira Tudun Bauchi, shi ne Filaton Jos na yau. Mambila da Gashaka suna cikin Kamaru ta Ingila ne har 1961, don haka samfurin da aka ɗauka can kafin lokacin kana iya tarar da shi an jera shi a ƙarƙashin Kamaru. Takardar da ta ce Arewacin Najeriya kawai, kada ka dasa mata ɗigo a tsakiyar taswira kamar ka san wurin. In ka ƙiyasta wuri daga sunan gari, ka rubuta faɗin kilomitan da kuskuren zai iya kaiwa. In kuma ka taɓa tsofaffin takardu ka wanke hannu, don a da ana shafa musu gubar zaiba saboda ƙwari.

Kwafin nan uku ko huɗu da ka ɗauka, ka raba su. Ɗaya ga ma'ajiyar jami'a mafi kusa, ɗaya Ibadan, ɗaya ga masanin da zai tabbatar da suna, in a waje yake kuma sai ta hannun ma'ajiya da takardun fitarwa. A 1943 bom ya ƙone mafi yawan ma'ajiyar tsirrai ta Balin a Jamus, abin da ya taimaki masana daga baya shi ne kwafin da aka riga aka aika wasu wurare. Mu nan gara da yoyon rufi da gobara sun ishe mu dalili. Kowane ƙunshi ya tafi da takardar bayaninsa a cikin kowace jarida, da jerin lambobi a sama. In sun karɓa za su ba kowace takarda tasu lambar shiga. Ka nemi a turo maka, ka rubuta ta a littafin dajinka kusa da taka lambar, sannan ka ɗauki hoton kowane shafi na littafin ka ajiye a wuri biyu.